Kundin gwajin sarewar tena guda huɗu

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa rubuta abin da kunnena ya ji da abin da hannuna ya gaya mini, tun kafin mantuwa ta cakuɗa su. Shekara uku ke nan ina koya wa yara busa sarewar Turawa, wadda ake kira rikoda, duk Talata da Alhamis bayan an tashi makaranta a nan Kaduna. Sunan yana rikita mutane, da ka ce rikoda sai a zaci akwatin kaset kake nufi, don haka ni sarewa nake cewa. Inda ta sha bamban da ta makiyaya shi ne, a tasu leɓɓan mai busa ne ke saita iska a gefen bakin kara, a wannan kuwa an riga an sassaƙa wa iskar siririyar hanya a cikin kan sarewar, ta bi ta daki wani kaifi da ke bakin 'yar taga, amo ya tashi. Shi ya sa yaro ke fitar da sauti tun ranar farko.

Yarana goma sha huɗu ne, kowa da ƙaramar nan ta sofrano. In suka haɗu suna busa, sautin duk a sama yake taruwa kamar tsuntsaye sun sauka a gonar gero, babu wata murya mai kauri da za ta tallafe shi daga ƙasa. Maganin wannan ita ce tena. Tsawonta ya kusa ninka na sofrano, ya haura santimita 60, kuma sautinta na can ƙasa shi ne C na tsakiyar fiyano, mai girgiza wajen sau 262 a daƙiƙa, wato hawa guda cif a ƙarƙashin sofrano (hawa shi ne tazarar da ke tsakanin C da C na gaba). Na fi karkata gare ta a kan alto, wadda girmanta ke tsakanin tena da sofrano, domin tsarin yatsunta ɗaya ne da na sofrano, yaro ba sai ya sake sabon karatu ba. Kuma ba baƙuwa ba ce a wannan aiki: a Turai, a ƙarni na 16, in mutum huɗu za su busa tare, biyu daga cikinsu tena suke riƙewa, ɗaya alto, ɗaya bas.

Makaranta ta ware kuɗin da zai sayi biyu kacal, kuma ba na son in zaɓa da ka. Uku nake da su a hannu yanzu, duk na roba. Akwai tawa, Yamaha YRT-304B, mai maɓallai biyu na C da C# a gindinta. Akwai Aulos 211A, wadda ba ta da maɓalli ko ɗaya, na aro ta wurin wata ƙawata. Su biyun nan ƙirar Japan ne. Ta ukun a kasuwa na saya da araha, babu sunan kowa a jikinta.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Wannan mako hannu na sa a gaba, kunne ya jira tukuna. Kowace na riƙe ta minti ashirin ina hawa da sauka, sannan in ajiye in saurari wuyan hannuna.

Hannun hagu bai kawo ƙara ba. Rigimar duk a dama take, tsakanin manuniya da na tsakiya da yatsan zobe, inda ƙofofi na huɗu da na biyar da na shida suke. Taƙina gajere ne, a kan Yamaha sai na ware yatsu sosai kafin su zauna, kuma bayan kamar minti goma sha biyar na fara jin jijiya tana ja daga yatsan zobe zuwa gwiwar hannu. Ƙaramin yatsa shi ne ya fi kowa hutawa, tunda maɓallin ya miƙo masa kansa. A kan Aulos ƙofofin ukun sun fi matsowa kusa da juna, hannuna ya zauna kamar an auna shi, sai dai a nan ƙaramin yatsa ne ke da aiki, don shi zai toshe tagwayen ƙofofin ƙarshe da kansa. Da na ɗan murɗa gindin sarewar zuwa dama sai ya same su ba wahala.

Na daɗe ina ɗauka maɓalli alama ce ta sauƙi, ashe ba lallai ba ne. Maƙeri yakan sa maɓalli ne idan ya bar wa sarewa cikakken tsawonta, ƙofar ƙarshe ta yi nisan da babu yatsan da zai kai. Tsawon nan shi ke ba sautin ƙasa ƙarfi. Wanda ya cire maɓalli kuwa dole ya rage tsawo, ya tsuke cikin sarewar ta wajen gindi, ƙofofi su matso, muryar ƙasa ta ɗan yi laushi. Kowannensu ya ba da wani abu ne ya karɓi wani.

Abu biyu suka rage mini ciwo a kan doguwar. Na farko, na daina lanƙwasa yatsun dama kamar mai kamun sofrano, na shimfiɗa su, ina toshewa da tsokar yatsa ba da tsininsa ba. Na biyu, na sauko da matokarin babban yatsa da ake maƙalawa a bayanta har ya zo tsakanin ƙofa ta huɗu da ta biyar. Ciwon bai tafi duka ba, amma na kai minti ashirin.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na saukar da manhajar auna sauti a wayata, na saita ta a kan A 440, wato sautin A mai girgiza sau 440 a daƙiƙa. Tana raba tazarar da ke tsakanin sauti da maƙwabcinsa, kamar C da C#, gida 100, ta nuna maka nawa ka hau ko ka sauka. Sai an yi hattara da ita, domin a wannan sarewa ƙarfin numfashi kaɗai yana motsa allurar: ka ƙara iska sauti ya hau, ka rage ya faɗi. Don haka ba na duban allo sai na busa yadda na saba, na ji sautin ya zauna, sannan in ɗaga ido.

Yamaha da Aulos duk sun tsaya inda ake so, ɗan abin da ya rage numfashi yana gyara shi. Ta kasuwa ce ta ba ni baƙin ciki. Kowane sauti shi kaɗai ba laifi, amma ba sa jituwa da juna. D na ƙasa da D na sama ya kamata su zama kamar uwa da 'yarta, a nan kuwa na saman ya haye da kusan kashi 30. Na janye kan sarewar kaɗan don in saukar da ita, na sama ya gyaru, na ƙasa ya lalace. Na leƙa hanyar iskarta da tocila na ga ɓurɓushin roba a bakin kaifin, wanda shi ke kawo shuuu ɗin da ke bin kowane sauti. Ba zan ba yaro wannan ba. Yaron da ke koyon jin daidai, in kayan busarsa na yi masa ƙarya, kansa zai zarga, ya ɗauka shi ne ba shi da kunne. Na cire ta daga gwaji.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Da yamma na je gaida wani dattijo da ya koyar da kiɗa a kwalejin horon malamai shekaru masu yawa kafin ya yi ritaya. Da na ba shi labarin abin da nake ciki, ya shiga ɗaki ya fito da wani dogon akwati mai ƙura. Tena ce ta itacen fiyar Turai, ƙirar Jamus, tambarin maƙerin ya goge har ba ya karantuwa. Maɓalli ɗaya gare ta, gaɓoɓinta da zare aka naɗe su.

Ya ce, "Ungo, 'yata. Ta fi shekara ashirin ba ta sha numfashin mutum ba. Amma ki bi ta a hankali, kada ki cika ta da busa rana ɗaya."

Na ce, "Baba, ina tsoron hunturu ya tsaga maka ita a hannuna."

Ya ce, "In ta tsage tana aiki ya fi mini ta ruɓe a ƙarƙashin gado."

Na rungumo ta har gida kamar jaririya.

Asabar, 7 ga Disamba

Itacen da ya daɗe a bushe, in ya sha danshin numfashi da yawa lokaci guda, cikinsa yana kumbura alhali bayansa na nan a ƙame, daga nan tsaga take farawa. Saboda haka minti biyar kawai na ba ta kullum a makon farko, goma a na biyu, kuma dogayen sautukan ƙasa kaɗai. In na gama in goge cikinta, in bar ta ta sha iska a inuwa kafin in rufe. Hazo ya sauko sosai, gaɓar tsakiya ta yi sako-sako har tana neman zamewa, na ƙara mata zare na shafa ɗan kakin zuma. Cikin akwatin na ajiye 'yar roba mai jiƙaƙƙen tsumma, nesa da jikin itacen.

C na ƙasa ya ƙi fita. Sauran kuwa, ko a minti biyar ɗin nan, akwai wani garɗi a tsakiyar muryarta da ya sa ba na son ajiyewa.

Asabar, 21 ga Disamba

Sanyin asuba ya koya mini abin da ban shirya gwadawa ba. Na fito da na robar biyu da sassafe, ko minti uku ban yi ba muryarsu ta dishe kamar mai mura. Tururin numfashi ne ke haɗuwa da roba mai sanyi ya zama raɓa, ɗigon ya tsaya a hanyar iska ya raba ta biyu. Halin duk sarewar roba ne, tunda roba ba ta shan ruwa. A ta itace, toshiyar da ke cikin baki da itacen sida ake yin ta, tana tsotse wani abu daga danshin, shi ya sa ta Baba ta fi jimrewa.

Maganin bai da tsada. In cire kan in sa a hammata na minti biyar kafin in fara, shaƙewar tana raguwa ƙwarai. In ta zo duk da haka, sai in zuƙe ruwan da sauri, ko in rufe tagar da tafin yatsa ba tare da na taɓa kaifin ba in hura da ƙarfi. Na kuma ɗiga ruwan da aka sirka da ɗan sabulun wanke kwanuka a hanyar iskar na bar shi ya bushe, yanzu raɓar shimfiɗewa take yi maimakon ta dunƙule.

Manhajar ma ta nuna sanyi yana saukar da sauti, wajen kashi 3 a kowane digiri ɗaya, domin sauti ya fi tafiya a hankali a iska mai sanyi. Wannan ya bayyana mini abin da ya sa yara ke farawa a ƙasa su ƙare a sama duk ranar da aka yi sanyi. Daga yau ba zan sake auna wata sarewa ba sai ta ɗumama.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na kai ta Baba wurin wani mai gyaran kayan busa na 'yan badujala. Bai ɓata lokaci ba ya gano fatar da ke ƙarƙashin maɓallin ta bushe ta ƙanƙance, iska na zurarewa ta gefe. Ya sa sabuwa. C ya fito, mai kauri, har ina jin girgizarsa a yatsuna.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tun ranar farko na lura F ɗinta ba ya zama in na kama shi yadda na saba, na yi ta ɗora laifin a kan maɓallin. Yau na duba ƙofofin da kyau: ta biyar ta fi ta huɗu ƙanƙanta. Tsarin Jamus ke nan, wanda ya yaɗu a shekarun 1920 ta hannun Peter Harlan. A tsarin Barok, wanda Arnold Dolmetsch ya daidaita a Ingila kuma shi yarana suka koya, ƙofa ta biyar ce babba, kuma F na ƙasa sai ka rufe ta huɗu, ka tsallake ta biyar, ka rufe ta shida da ta bakwai. A na Jamus manuniya kaɗai ta isa. Da jin haka sai ka ce sauƙi ya samu, amma bashin yana kan F#, wanda yake zama da wuyar saitawa, kuma galibin waƙoƙin da ke kan G suna buƙatarsa. Ga shi kuma maɓalli ɗaya ne, babu C# na ƙasa sam.

Ke nan ba za ta shiga aji ba, yara za su rikice tsakanin F biyu. Zan dai bar ta cikin gwajin don in san abin da itace ke bayarwa wanda roba ba ta bayarwa, in akwai.

Na gwada hawa na biyu a kan duka ukun, inda ake ɗan buɗe ƙofar babban yatsa kamar tsagar farce. Har zuwa A na sama babu gardama. B da C sun fi saurin amsawa a na roba. A ta itacen bakin ƙofar bayan ya cinye saboda farcen shekaru, sai na lallaɓa kafin in sami daidai buɗin. Na kuma tabbatar sautin sama ba yawan iska yake so ba, siririya mai sauri yake so, da harshe mai cewa "du" a tausashe.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau aka yi gwajin da na fi ɗoki. Na tara mutum biyar a babban ɗakin taro na makaranta: malamai uku, mai gadi, da Baba da kansa, wanda na aika aka ɗauko. Suka zauna a can baya suka juya mini ƙeya. Wani abokin aikina mai dogayen yatsu ya busa waƙa ɗaya a kan kowace sarewa, sau uku-uku, yana cakuɗa jerin. Ni ma na koma baya na zauna tare da su a zagaye na ƙarshe.

Abin da na ji ya girgiza ni. A kunnen mai busa, ta itace daban take, tana da ɗumi da wani ɗan yashi-yashi mai daɗi a cikin muryar. Daga bayan ɗaki kuwa wannan bambanci ya kusa ɓacewa. Malaman nan uku sun yi ta kiran roba itace, suna kiran itace roba. Baba kaɗai ya gane tasa duk sau ukun, kuma da na tambaye shi ya ce ba daɗin ya bi ba.

"F# ɗinta na sani, 'yata. Shekara nawa ina fama da shi."

Wanda kowa ya ji ba tare da an nuna masa ba shi ne bambancin ƙasa. C da D na Yamaha sun iso bayan ɗaki da ƙafafunsu, cike, a tsaye. Na Aulos sun iso a tausashe, kamar mai magana da ladabi, in aka ƙara musu iska kuma sai su nemi tsallakawa hawa na biyu. Daga G zuwa sama kuwa ra'ayi ya rabu, mai gadi ya ce mai laushin ta fi shiga rai, ta tuna masa da yamma a rugar da ya taso kusa da ita. Ni a kunnena Yamaha ta fi haske da faɗi, Aulos ta fi zagaye da natsuwa, irin muryar da ke narkewa cikin sauran ba ta fito ta tsaya ita kaɗai ba.

Da a yau aka ce in zaɓa, da kunne kaɗai, doguwar zan ɗauka, tunda don ƙasan nake neman tena tun farko.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na kai su aji. Manyan yarana huɗu na zaɓa, 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha huɗu.

Namijin cikinsu, wanda ya riga ya fi ni tsawo, ya ɗauki Yamaha ya sauka har C a gwaji na biyu, ya yi ta maimaitawa yana murmushi. 'Yan matan uku kuwa babu wadda ta iya rufe ƙofa ta shida ba tare da ta huɗu ta buɗe ba. Ɗayarsu, wadda ta fi kowa kunne a ajin, ta yi ta ƙoƙari har na ga kafaɗarta ta ɗage, wuyan hannunta ya karye gefe. Na ce ta ajiye.

Ta ce, "Malama, zan iya, ki ƙara mini lokaci kaɗan."

Na ce, "Na san za ki iya. Gwada wannan tukuna."

Na miƙa mata Aulos. D ya fito nan take. C ya ɗauke ta kamar minti biyar, da muka murɗa gindin ya zo daidai ƙaramin yatsanta. Daga nan ta busa waƙar da muke koyo tun daga farko har ƙarshe, sauran suka bi ta da sofrano, karo na farko ke nan da na ji ƙungiyar nan tana da ƙasa. C ɗin da ta fitar a kan mai laushin ya fi wanda ta kasa fitarwa a kan mai ƙarfin nesa ba kusa ba, kuma gwajin ɗakin taro bai isa ya nuna mini haka ba, domin hannun da ya busa a ranar ba irin nasu ba ne.

Da dare na duba abin da maƙeran Turai suka tanada don gajeren hannu. Mollenhauer da ke Fulda, kamfanin da ya faro tun 1822, yana yin tena mai lanƙwasasshen wuya wadda ke matso da jikin sarewar kusa da ƙirji, da wata mai ƙarin maɓallai a ƙofa ta uku da ta huɗu. Da irin wannan mutum zai sami tsawon da sauƙin a haɗe. Amma na itace ne, kuɗin guda ɗaya ya fi abin da aka ware mana sau da yawa, kuma bayan abin da na gani a hunturun bana ba zan sa itace a jakar ɗan makaranta ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na rubuta wa shugabar makaranta cewa a sayi guda biyu marasa maɓalli, irin ta ƙawata. Tawa mai maɓallai zan bar wa dogon yaron yana amfani da ita a aji, ta riƙe can ƙasa, biyun su cike tsakiya. Na gwada wannan haɗin ranar Alhamis da ta aro, yara goma sha biyu a sama, biyu a ƙasa, kuma sai da na roƙi masu sofrano su rage iska kafin a ji tena sosai. Wannan aiki ne na kansa da zan sa a gaba: su koyi sauraron wanda ke ƙarƙashinsu.

Akwai sauran abin da ban gama ba. Duk awon da na yi a sanyi na yi shi, ina so in maimaita a zafin Afrilu in ga yadda sofrano da tena za su jitu in ɗaki ya yi zafi. Ina kuma so in gwada igiyar rataya a wuya ga ƙaramar cikin 'yan matan, don har yanzu nauyin yana sauka a babban yatsanta.

Ta Baba yanzu tana ɗaukar minti talatin ba ta dishe ba, kuma ba ta tsage ba. Jiya na shafa wa cikinta man almon, ban bari ya kusanci toshiya ko kaifin ba, tana jingine a kusurwar ɗaki tana tsotsewa. Na kira shi in ji ranar da zan mayar, ya ce in riƙe har bayan salla, amma in zo masa da yarinyar nan mai kunne ya ji busarta.